Akushin Gwamma Da Awon Hanyar Sama

A wani zamani da ya shuɗe, tun ana auna ƙasa da igiya, an yi wani birni da ake kira Sansami, mai ganuwa bakwai da ƙofofi goma sha biyu, mai rimaye dogaye-dogaye da rijiyoyi masu sanyin ruwa. Sarkinsa shi ne Damisau ɗan Gwarzau, sarki mai kwarjini, mai kaifin hankali, mai ƙarancin dariya, wanda in ya faɗi magana da safe ko shi kansa ba ya iya janye ta da yamma. A fadarsa akwai wata sarauta da ba a san irinta a sauran ƙasashe ba, sarautar Sarkin Igiya, mai riƙe da ita kuwa a lokacin shi ne Nomau ɗan Arzika, jikan Bagudu, wanda kakanninsa tara duk a kan awo suka rayu, a kan awo suka koma ga Allah. Dogo ne siriri, mai furfura a gemu, mai tafiya yana ƙirga takunsa ko da masallaci za shi, har in ka gaishe shi a hanya sai ya kai ƙarshen lissafinsa sannan ya amsa.

A Sansami kowane mutum yana da baƙin akushinsa tun ranar suna. In ya yi tafiya, sai a ajiye akushin a maratayi a buɗe, ba a kifa shi. To, a zamanin kakan sarki an yi wata shekara da rabin gari suka tare a bakin ƙofa suna duban hanya, suna jiran waɗanda fatauci ya kwashe, har gonaki suka koma jeji, yunwa ta shigo ta yi ɓarna. Sai aka kafa doka: duk wanda ya shekara goma a wurin da ya wuce zango arba'in, wato tafiyar kwana arba'in, a kai akushinsa Ƙofar Mantuwa a fasa, kada a sake ambaton sunansa, kada a raɗa wa jariri shi. Sarkin Igiya shi ke faɗin nisan. Nomau ya faɗa fiye da sau ɗari uku, bai taɓa ƙara taƙi ɗaya ba, bai taɓa ragewa ba, ko da uwa tana birgima a gabansa. Saboda haka ana girmama shi, ana kuma gudunsa. In ya shiga kasuwa a rage murya, in ya zauna a inuwa, inuwar ta zama tasa shi kaɗai.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta gudunsa, ƙanwarsa Gwamma, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun suna yara ita ke riƙe masa bakin igiya in za shi awon gona, in ta riƙe da kyau sai ta ja sau uku, shi ma ya ja sau uku, sannan ya fara tafiya. Da ta girma ta ga wani bafatake mai suna Jatau ta ce shi take so, ta bi shi zuwa Birnin Murjani, wanda ta hanyar ƙasa tafiyar shekara uku ce, zango dubu da 'yan kai, awon Bagudu da kansa. Matar Nomau ta rasu ba haihuwa, gidan ya zama daga shi sai turken da yake kafawa ya ɗaura bakin igiya, har makwabta suna jin yana yi wa turken hira. Kullum da safe sai ya sauke akushin Gwamma ya wanke, ya cika shi da ruwa, ya ajiye a gindin rimin tsakar gida, inda wata shamuwa da ke sheƙa a bisa take saukowa ta sha duk damina. Haka ya yi shekara tara da wata takwas. Ya san saura wata huɗu, ya kuma san bakin da zai faɗi nisan nasa ne, wannan sani kuwa ya hana shi jin daɗin abinci.

Ranar da aka yi ruwan farko, shamuwa ta dawo ta sauka a bakin akushi, sai Nomau ya ga shuɗin zare a ƙafarta, an yi masa ƙulli mai kunne biyu, irin wanda ubansu ya koya musu, wanda ba mai yinsa a duniya sai shi sai Gwamma. Ya kwance zaren. Sabo ne ful, rana ba ta ci shi ba, har yana bar masa shuni a yatsa. Wani da kuka zai fara, shi kuwa lissafi ya fara: zaren da ya yi shekara uku a hanya ba zai zo haka ba. Ya sa babbar rigarsa ya nufi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, zaki mai ganuwa bakwai, inuwar talakawa, na zo da roƙo, ni da ban taɓa roƙon komai ba. Akwai hanya a sama tsakaninmu da Murjani, hanyar tsuntsaye, ina kyautata zaton ba ta kai zango arba'in ba."

Sarki ya daɗe yana juya zaren, sannan ya ce, "Sarkin Igiya, kai ka fi kowa sanin doka ba ta san zato ba. In akwai hanya a sama, auno ta da igiya, da hannun mutum a wannan baki da hannun mutum a wancan, yadda ake awon shari'a, ban da turke. Kana da wata huɗu. In ba ka dawo ba za a fasa akushin, in kuwa ka dawo da ƙulli fiye da arba'in, kai za ka fasa shi da hannunka."

Ya dawo gida ya zauna a gindin rimi ya yi tagumi, don igiyarsa mafi tsawo ba ta wuce gaba ɗari ba. Sai shamuwa ta buɗe baki ta ce, "Ɗan Arzika, damina tara ina shan ruwa a akushin nan ba ka taɓa kora ta ba. Ni jakadiya ce ta Sarkin Aljanun Iska. Hau, in kai ka inda ake kaɗa zaren da ba ya ƙarewa." Ta girgije ta zama girman rumbu. Nomau, mutumin da ko jaki ba ya hawa don kada ya ɓata masa ƙirgen taku, ya yi bisimilla ya hau ya runtse ido.

Da ya buɗe ido sai ga shi a Birnin Gajimare, birni fari-fat, mai soraye masu tafiya da kansu da kasuwanni masu narkewa da tsakar rana su sake haɗuwa da la'asar, inda ake shanya bakan gizo a kan katanga, ake ɗaure tsawa a turke. Aka shigar da shi gaban Sarki Zugaza ɗan Hadari, mai rawanin walƙiya, mai murya bakwai, wanda in ya yi atishawa ake ruwa a ƙasashe uku, fadawansa dubu-dubu suna zaune dama da hagu, masu fukafukai da masu ƙaho da masu ido ɗaya. Nomau ya faɗi buƙatarsa. Sarki ya dubi wazirinsa, waziri ya dubi alkali, aka rasa mai fahimta, domin su aljanun iska duk inda suka so zuwa kafin ƙiftawar ido sun isa.

Sarki ya ce, "Bil'adama, kana ta cewa nisa, nisa. Mene ne shi? Ka nuna mana shi kafin rana ta faɗi mu ba ka zare, in ka kasa mu sake ka daga nan ka auna shi da kanka."

Nomau ya fara da abin da ya sani. Ya yi bayanin taƙi da kamu da gaba da zango, ya zana a ƙasa, ya ninka, ya raba. Fada ta kwashe da dariya har wani basarake ya faɗo daga kujera. Da ya ga iliminsa na shekara arba'in ya zama abin nishaɗi, sai ya roƙi a kawo masa abinci akushi biyu. Aka kawo. Ya cinye ɗaya, ya tura ɗayan gabansa kaɗan, ya zauna yana dubansa. Tururi ya tashi ya tashi har ya daina, miya ta yi fata, azahar ta wuce, la'asar ta kawo jiki, yana nan zaune.

Sarki ya gaji ya ce, "Wa kake jira?"

Ya ce, "Wadda ba za ta zo yau ba, ranka ya daɗe."

"Gobe fa?"

"Gobe ma ba za ta zo ba."

"To, don me ka sa aka zuba mata?"

Nomau ya ce, "Haka nake yi shekara tara, Allah ya taimaki sarki. Wannan shi ne abin da kuka tambaya."

Can sai aka ji sheshsheƙa daga bayan gadon sarauta, ashe Uwar Mazari ce, tsohuwar da ke kaɗa wa aljanu zare tun kafin a haifi kakan Zugaza. Ta fito tana share ido da gefen zane, ta miƙa masa ƙwarya da dunƙulen zare a ciki, wanda aka kaɗa da audugar rimi da hayaƙin murhun gidajen da ake jiran wani. Ta ce, "Ɗan nan, wannan ba ya ƙarewa, ba ya tsinkewa, muddin akwai hannu a kowane baki. Aka sake shi ko na numfashi ɗaya ne, ya zama hayaƙi. Duk faɗuwar rana ka yi ƙulli ɗaya, ƙullin zai bayyana a bakin da ka baro gida. Jakadiya za ta ɗauke ka da tafiyar shamuwa, mutum ɗaya take iya ɗauka, kuma daga sa'ar da zare ya fara warwara bakinta ya rufe sai ka dawo. In kana da tambaya yi mata tun yanzu, mu ba ma amsa abin da ba a tambaye mu ba." Nomau ya tambayi shamuwa ko ta san ƙofar Murjani, ta ce ta sani. Ya ce shi ke nan, ba shi da wata tambaya.

Da ya sauko Sansami ya tarar wunin da ya yi a can ya cinye wata guda cur. Sai neman mai riƙe bakin zare. Kwana uku yana bin gidaje yana sallama, a nan ne ya san matsayinsa a garinsu. Wani ya ce hannunsa yana ciwo, wani ya sa a ce ba ya nan alhali ana jin tarinsa, wani tsoho kuwa ya ce, "Sarkin Igiya, da aka zo kan ɗan'uwana ba ka tuna akwai sama ba." Ya sunkuyar da kai ya wuce. Ran na uku da yamma ya dawo gida ya tarar da wata mata tsaye a ƙofar zaure, Ladingo mai daddawa, gwauruwa, wadda shekara huɗu da suka wuce aka fasa akushin ɗanta tilo a kan maganarsa, domin shi ma Murjani ya tafi. Ta kwance bakin zanenta ta nuna masa guntayen itace baƙaƙe.

Ta ce, "Na tsince su a Ƙofar Mantuwa bayan kowa ya watse. Ba don kai zan riƙe ba, Sarkin Igiya, ban yafe maka ba tukuna. Amma in sama ta fi kusa, to ta fi kusa ga kowa."

Ya ce, "Kwana tamanin ne ko fiye, Ladingo, ba sakewa, ko barci ko salla."

Ta ce, "Na shekara goma sha huɗu ina riƙe da abin da ya fi wannan nauyi. Ba ni."

Washegari da hantsi ta zauna a gindin rimin, ta naɗa zare a tafin hannu, ya koya mata ja uku. Ya ɗauki burgamin dakuwa da garin gero, ya hau shamuwa, suka tashi, garin da ya auna kowane lungunsa ya ƙanƙance ya koma kamar faifai, sannan ya ɓace.

Ba wanda ya gaya masa sama haka take ba kowa. A ƙasa ko jeji ka shiga za ka ga sawun wani, ka ga tokar da wani ya bari, a sama kuwa babu sawu, babu mararraba, babu wanda za ka ce wa sannu. Shamuwa ba ta magana, iska ba ta amsawa, zare yana ta warwara a bayansa siriri har ido ya gaza. Suka wuce Birnin Tagulla, mai hasumiya dubu da tituna sharar-sharar, inda ganguna ke kaɗa kansu ba kowa a ciki. Suka wuce kogin da ke gudu sama yana zuba cikin gajimare, da dajin da itatuwansa ke juyowa su bi mai wucewa da kallo. Suka shiga hamada kwana goma sha ɗaya, suka fita suka hau kan bahar mai ɗaci wanda ba jirgin da ya taɓa ƙetare shi. Yana salla da ishara, yana shan ruwa daga gefen girgije, in rana ta faɗi ya yi ƙulli, su kwana a bayan gajimare. Wata rana kewa ta ishe shi har ya ja zaren sau uku ba dalili, ya jira, ya jira, can ya ji an ja sau uku daga ƙarshen duniya. Ya kifa fuska a wuyan shamuwa ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka binne matarsa.

Ran kwana talatin da tara da la'asar bahar ya ƙare, ƙasa ta bayyana, da wani tudu a bakin ruwa da ɗan hayaƙi yana tashi. Shamuwa ta rage tafiya, ta karkata, ta fara kewaya tudun. Nomau ya fusata, ya daki wuyanta ya ce, "Jakadiya, kada ki ɓata mini awo! Daga ƙofa zuwa ƙofa ake yi, a miƙe, ba a ratse. Mu je!" Ta sake kewayawa sau ɗaya, ya sake tsawa, idonsa yana kan zare yana gyara inda ya karkace, bai ko dubi ƙasa ba. Ta miƙe suka wuce, rana ta faɗi ya yi ƙulli.

Washegari ya yini yana zura ido, ba ganuwa ba hasumiya, sai daji. Ya yi ƙulli na arba'in yayin faɗuwar rana. Kashegari rana ta yi ja, ta kusa faɗuwa, sannan ya hango Murjani can nesa. Sai ga Holoƙo, aljanin iskar da ke gaba da hadari, ja-wur, mai baki har kunne, ya zo yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da su.

Ya ce, "Sarkin Igiya, ga birni can kana gani. Ka bar ƙullin yau mana, wa zai sani? Ko ka ce in tura ku, kafin rana ta taɓa ƙasa kun isa."

Nomau ya dubi zare, ya dubi birni. Ya tuna uwaye ɗari uku da suka roƙe shi ya rage musu taƙi ɗaya ya ƙi, ya tuna guntayen da ke bakin zanen Ladingo. Ya ce, "Da zan iya ragewa, da tun a kansu na rage. Wuce ka ba ni wuri." Rana ta faɗi suna sauka a ƙofar birni, ya yi ƙulli na arba'in da ɗaya, yana yi yana ji kamar wuyan ƙanwarsa yake shaƙewa.

Murjani birni ne ja-jawur, ganuwarsa ta murjani, ƙofofinsa na hauren giwa, ƙamshin kanumfari yana fita ta kowace taga, amma da safe da aka buɗe ƙofa Nomau bai ko lura da komai a ciki ba. Yana tsaye da zare a hannu, fuska ta kumbura. Sarkin Ƙofa, wani dattijo mai sandar azurfa, ya matso ya ce, "Baƙo, lafiya? Daga ina?" Ya ce daga Sansami, yana neman Gwamma matar Jatau, ya gan ta sau ɗaya kafin ya koma ya fasa akushinta.

Dattijo ya ce, "Gwamma mai ɗaura wa tsuntsaye zare? Ai ta bar garin nan shekara shida, tun da Allah ya yi wa Jatau rasuwa. A nan inda kake tsaye ta tambaye ni ina Sansami take, na nuna mata da sandan nan. Ta ɗauki kayanta ta bi inda na nuna, ta yi ta tafiya har ƙasa ta ƙare. Tana can a wani tudu a bakin bahar, inda shamuwoyi ke hutawa. Ta ce in ba ta iya komawa gida ba, za ta zauna inda ya fi kusa."

Nomau ya juya ya dubi shamuwa, shamuwa ta dube shi da ido ɗaya, irin duban da ake yi wa mai ilimin da ya yi wauta. Ko sallama bai yi wa dattijo ba, ya hau. Suka juya, yana naɗe zare a ƙwarya, rana ta faɗi ya kwance ƙulli ɗaya, ta sake faɗuwa suna dab da tudu ya kwance na biyu. Tun da aka haife shi bai taɓa kwance ƙullin awo ba, yanzu ga shi yana kwancewa da haƙori don ɗoki.

Da gari ya waye suka sauka. Bukkoki bakwai ne a kan tudun, domin bayan Gwamma ta shekara uku ita kaɗai da tsuntsaye, sai 'yan Sansami da ke Murjani suka fara biyo ta ɗaya-ɗaya. Tana tsaye a ƙofar bukkarta, ta yi furfura, ta rame, hannuwanta shuɗi da rini. Suka tsaya suna duban juna an rasa mai fara gaisuwa.

Ita ta fara, ta ce, "Yaya, na ga ka wuce. Na yi ta kaɗa mayafi har hannuna ya sage."

Ya ce, "Ina duban zare, Gwamma."

Ta ce, "Dama tun muna yara haka kake." Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta miƙa hannu ta ce, "Ba ni bakin, ai aikina ne."

Ya sa mata a hannu. Ta ja sau uku. Mutanen tudu duk suka taru, har da wani saurayi mai faffaɗar kafaɗa da ya ce sunansa Korau, ɗan Ladingo mai daddawa. Aka daɗe, sannan zare ya motsa, ɗaya, biyu, uku. Nomau ya ce wa saurayin, "Hannun uwarka ke nan." Korau ya durƙusa ya ɗora goshinsa a kan zaren.

Wuni ɗaya kawai lissafi ya ba su. Ta tuƙa masa tuwo da hannu ɗaya, suka ci a akushi ɗaya, ta tambaye shi rimin gida da rijiyar unguwa da wanda ya mutu da wanda ya rage. Ya ce ta hau shamuwa ta tafi, shi ya zauna ya riƙe. Ta ce, "Sarki kai ya ce ka dawo, Yaya, in ba ka dawo ba a fasa. Mu bakwai ne a nan, kowa yana da mai jiransa. Je ka faɗi nisan, ka faɗe shi daidai yadda ka saba." Da la'asar ya hau. Wannan karon bai dubi gaba ba, ita ya yi ta duba, tana tsaye da hannu a sama, har tudu ya zama ɗigo.

Ya isa Sansami ranar da wata huɗu suka cika, da hantsi. Tun daga sama ya ga abin da ya ɗaure masa kai: layin mutane daga gindin riminsa har waje, maza da mata, kowa da hannu a kan zare. Ashe ƙullin da ke bayyana kullum ya jawo gari, ana zuwa kallo, daga kallo aka koma kawo wa Ladingo abinci. Ranar da na arba'in da ɗaya ya fito aka watse ana salati, aka ce ta saki ta huta, ta ƙi, dare da yini ita kaɗai, jini yana bin hannunta. Da ƙulli ya fara kwancewa da kansa, sai tsohon nan da ya yi wa Nomau gori ya zo ya durƙusa ya ce ta ba shi ya taya ta.

Sarki Damisau da kansa ya fito, aka kawo akushin Gwamma aka ajiye a gabansa. Nomau ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki. Daga Sansami zuwa ƙofar Murjani ta hanyar sama zango arba'in da ɗaya ne, ban rage ba. Daga Sansami zuwa hannun Gwamma 'yar Arzika, zango talatin da tara." Sarki ya ƙirga ƙulli da yatsansa, ya kama zare ya ja sau uku, aka amsa masa. Ya ɗauki akushin da hannu biyu ya miƙa wa Nomau ya ce, "Mayar da shi maratayi a buɗe." Ya kuma sa masassaƙa su sassaƙa sababbi guda shida, aka kira sunayen masu su da ƙarfi a Ƙofar Mantuwa, Ladingo ta faɗi sunan Korau a bainar jama'a har muryarta ta dushe.

Bayan kaka aka ɗaura auren Nomau da Ladingo, ta ce ta yafe masa rabi, sauran sai ta ga halinsa. Shamuwa, da bakinta ya buɗe, abin da ta fara ce masa shi ne, "Ka tambaye ni ƙofar birni, ba ka tambaye ni inda Gwamma take ba." Ta yi alkawarin ɗaukar mutum ɗaya duk shekara zuwa tudu ta dawo da shi. Gari duka suka ce zuwan farko na Sarkin Igiya ne. Shi kuwa ya dubi tabon zare a tafin Ladingo ya ce ita za ta.

Haka ya sake zama shi kaɗai a gidan, kwana tamanin, yana karɓar riƙon zare daga makwabta in rana ta yi sanyi. Da safe ya wanke akushi biyu ya cika su da ruwa, ya ajiye a gindin rimi. In kewa ta taso masa sai ya ja sau uku, ya zauna ya jira, ya san jiran yana da tsawo, ya kuma san iyakarsa, don shi ya auna. Can sai zare ya motsa a hannunsa. Allah ya sada kowa da nasa, ya sa in an ja a sami mai amsawa.